Yadda Yoila Ya Gyara Na'urar Matarsa

A Moduganari, in ka tambayi shagon Yoila mai rediyo, ba wanda zai ce maka bai sani ba. Ɗan shago ne a matse tsakanin mai niƙa da mai sayar da katin waya, cike da gawarwakin rediyo da fankoki da tocila tun daga ƙasa har rufi. Ni kuwa Zainaba ce mai turaren wuta. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa shekara talatin da ɗaya, saboda haka abin da zan faɗa ba a kasuwa na tsinto shi ba. Kuma bari in faɗa tun yanzu, haushinsa nake ji, har yau ban huce ba. Rabin haushin ma na kaina ne, za ku ji dalili.

Mutumin Lassa ne, can kudancin Borno. Ya shigo Maiduguri yana saurayi da jaka ɗaya da wando biyu, ya zauna wajen wani tsohon mai gyara a Hausari har hannunsa ya faɗa, sannan ya buɗe nasa shagon. Maganar gaskiya, ya iya aikinsa. Lokacin da garin nan ya daɗe babu wuta, rabin tocilolin unguwarmu da fankokin sola a hannun Yoila suke rayuwa. Bayan ambaliya kuwa da buhu aka riƙa kawo masa rediyo cike da laka, yana wankewa da burushin haƙori yana shanyawa a kan kwano kamar kifi. Ba ya shaye-shaye, ba ya faɗa, ba ya cutar kowa. Cutarsa ɗaya ce: idonsa ba ya iya ganin abu a mace ya wuce shi.

Kuma ba sai an kira shi ba fa. Ranar da maigidana ya rasu, Yoila ya zo gaisuwa tare da sauran maƙwabta. Akwai wani agogon bango a zaure, irin mai kiɗa duk awa, ni da hannuna na tsinke masa waya tun Malam yana kwance, don kiɗan yana hana shi barci. Kafin jama'a su gama zama, agogon nan yana kan cinyar Yoila a buɗe. Liman na cikin addu'a, kowa ya sunkuyar da kai, sai agogo ya ɓarke da kiɗa, har mu da muke cikin gida muka jiyo. An ce Yoila ɗago kai ya yi yana murmushi, yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya, yana jira a ce masa sannu da aiki.

Yana da wata tsohuwar mita mai allura da yake auna wuta da ita. A aljihun gaba take kwana, da ita yake zuwa coci, da ita yake zuwa biki. Hukuncinta a wajensa ya fi na alƙali. In allura ta motsa, abu na da rai. In ba ta motsa ba, to an cuci wani, kuma shi Allah ya aiko.

Matarsa Rhoda, Maman James, ita ce mai haƙurin gidan. Shekara ashirin da biyu ita ke buga tulu a zumuntar mata na cocinsu. Tulun ƙasa ne mai ɓula a gefe, ana dafa bakinsa da tafin hannu, ya ba da wani sauti mai zurfi da kake ji a ƙirji. Duk Alhamis in tana gwaji a tsakar gida, ni da nake Musulma sai in ga taɓaryata ta bi kiɗan ina dakan kayan turare. Wata safiya tana ɗiban ruwa a famfo, bokiti ya suɓuce, ita ma ta bi shi. Shanyewar ɓarin jiki. Allah ya taimaka ƙafa ta dawo, baki ya dawo, amma hannun dama ya dunƙule kamar ƙafar kaza ya ƙi buɗewa. Aka ba wata Vivian tulu, wai riƙo. Rhoda ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Abu ɗaya ta ce mini ta kan katanga: "Ya Zainaba, ni dai in buga tulu a babban taron shekara. Bayan nan ko me ya zo ya zo."

Ana nan sai aka ce a babban asibiti wata likita tana neman masu irin wannan lalura don wani bincike. Yayana Ba'ana, tsohon direban tanka, shi ma ciwon ya taɓa masa hannun hagu da harshe, ni nake kai shi. Muka haɗu da su Rhoda a keke napep ɗaya. Mutum goma sha shida aka ɗauka, aka tara mu da masu jinya a wani ɗaki mai zafi kamar gidan burodi.

Dakta Halimatu Sadiya sunanta, 'yar siririya, mai magana a hankali kamar tana tsoron kada kalma ta fashe. Ta yi bayani da Hausa, ta maimaita da Kanuri. Ta ce akwai wata jijiya da ta taso daga kai ta gangara ta wuya har zuciya da ciki, kuma wani ɗan reshenta ya leƙo a kunne. Masu bincike suna zaton in aka ɗan tsikari reshen nan da wuta kaɗan daidai lokacin da mutum yake motsa hannu, ƙwaƙwalwa za ta fi saurin koyon sabuwar hanyar da za ta aika wa hannun saƙo. Ta ɗaga na'urar, ba ta fi sabulun wanka ba, da koriyar fitila da ɗan abin maƙalawa a kunne mai kama da na shanya. Rabin awa da safe, rabin awa da yamma, ana tsince wake ɗaya-ɗaya daga faranti zuwa kofi, har mako goma sha biyu.

Sai ta zo kan maganar da ta fi kowace. "Zato ne fa, ba mu tabbatar ba, shi ya sa muke bincike. Rabin na'urorin nan suna ba da wuta har ƙarshe. Rabi kuwa suna ɗan tsikara da farko su daina, fitilar kawai ke ci. Ni kaina ban san wa ya samu wace ba."

Ba'ana ya ja harshensa da ƙyar ya ce, "To don me za a ba mutum fanko?"

Ta ce, "Don in hannu ya buɗe, Baba, mu san na'ura ce ta buɗe shi ko waken ne. Kuma alkawari ne, in an gama mako goma sha biyun, duk wanda ya samu marar wuta za a ba shi ta gaske, shi ma mako goma sha biyu. Abu ɗaya nake roƙo, kada a buɗe ta."

Ina Yoila a lokacin da ake wannan bayanin? Yana baranda a kan benci, ya kwance makunnin fankar ɗakin da ya ce tun shigowarsa yake jin tana nishi. Ya dawo daidai lokacin da fanka ta tashi, mutane suka yi hamdala, ya sunkuya yana karɓar godiya. Rhoda ta dangwala yatsan hagu a takarda, shi ya sa hannu a matsayin shaida ba tare da ya karanta ko layi ɗaya ba. Abin da ya shiga kunnensa a ranar kalma biyu ce, na'ura da wuta.

Mako shida abin ya tafi lafiya. Safe da yamma in na leƙa sai in ga Rhoda a kan tabarma, koriyar fitila na ci, tana ta fama da wake, gumi na zuba. A mako na huɗu babban yatsa ya saki. A na shida manuni ya biyo baya, har ta riƙe cokali. Ta sa aka sauko mata da tsohon tulunta daga kan kabad, tana ɗan taɓa shi. Da ta lissafa, in ma fanko ce a hannunta, za ta gama da ta gasken ana saura 'yan kwanaki taron shekara. Yoila kuwa duk wanda ya zo shago sai ya sha lacca a kan jijiyar kunne, har mai niƙa ya fara kiransa Farfesa. Mako shida na'ura tana gidansa bai sa mata mita ba. Wanda ya san Yoila ya san azumi ne babba ya yi.

Ranar wata Talata azumin ya karye. Na ji muryarsa ta kan katanga: "Ya Zainaba! Zo ki gani da idonki!"

Na same shi tsugune, ya ɗora wayoyin mita a kan abin kunnen. Ya kunna, allura ta tashi, ta ɗan tsaya, kafin a ƙirga talatin ta kwanta. Fitila kuwa tana ci abinta. Ya ce in ɗauko ta Ba'ana. Na ɗauko. Allura ta tashi ta tsaya ƙyam, ta ƙi kwanciya.

A nan ne nawa laifin yake. Na tuna maganar likita sarai. Amma abin da ya fara kama ni daɗi ne, cewa ta ɗan'uwana ce mai rai. Kunya ta biyo bayan daɗin, kuma don in rufe kunyar sai na tafa hannu na ce, "Tabɗi! Lallai an cuce ku." Daga baya na ɗan ce, ƙasa-ƙasa, ai kamar likita ta ce da gangan aka yi rabi haka.

Yoila ya yi wata dariya. "Haka duk ɗan kwangila yake cewa in an kama shi. Shekara arba'in ina wannan aiki, Ya Zainaba, ban taɓa ganin wanda ya ƙera abu don kada ya yi aiki ba. An kawo kaya rabi masu kyau rabi jabu, an ruɗi yarinyar nan da Turanci."

Rhoda ta ce, "Baban James, na ji da kunnena, kuma na yarda na dangwala. Saura mako shida a ba ni ta gaske. Ka bari."

"Mako shida! Hannu yana jira, taro yana matsowa, ke kina zaune da gawa a kunne? Ba a gidana ba."

Na san so ne ya sa shi, kada a ce ban faɗa ba. Amma son Yoila da sukuddireba yake zuwa. Ranar Alhamis Rhoda ta tafi coci kallon gwajin mata, shi kuwa ya ɓalle hatimin na'urar. Ya duba ciki bai ga tsinkakkiyar waya ba, bai ga ƙuna ba, sai wani ɗan baƙin abu a manne da ba ya buɗuwa. Wannan ya ɗauke shi raini. Ya waiga cikin shago, idonsa ya faɗa kan raket ɗin kashe sauro, irin mai ƙara tas-tas. Ya farke shi, ya ciro 'yan hanjinsa, ya rage musu ƙarfi daidai yadda shi ya ga dama, ya cusa cikin na'urar asibiti, ya naɗe da baƙin tef.

Da yamma Rhoda ta maƙala ta kunna. Ihun da ta yi har kajina suka watse. Faranti ya kife, wake ya bazu a tsakar gida. Yoila yana tsaye ya harɗe hannuwa, fuskar nan irin ta ranar agogo. Ya ce, "Yauwa! Yanzu ne take aiki."

Duk Laraba muke komawa asibiti, mu zauna a dogon benci muna jiran layi. Bakina ne ya kai labari can, ba na musu. Na raɗa wa mace ɗaya, kafin azahar duk benci ya sani cewa akwai jabu, kuma akwai mai gyara a Moduganari. Washegari kekuna suka fara tsayawa a ƙofar shago, daga Ajilari, daga Hausari, da Alhaji da Fasto, kowa da na'urarsa a leda. Yoila ya auna, ya ware takwas matattu cif har da ta Rhoda, ya ce kun gani ko, rabi daidai, ɓarawon ma mai tsari ne. Bai karɓi ko sisi ba, ya ce don Allah yake yi. Raket ɗin sauro ya yi wuya a unguwa, sauro suka samu hutun da ba su taɓa samu ba.

Ku ji inda abin ya koma hauka. Waɗanda aka gyara wa suka dawo benci suna fahariya, wai tasu tana cizo har ido ya kawo ruwa. Masu ta gaske, waɗanda tasu take ɗan tsikara kamar tafiyar tururuwa, sai suka fara jin su ne aka cuta. Ai magani in bai yi ɗaci ba mu ba mu yarda da shi ba, allura in ba ta yi zafi ba ruwa ce. Su ma suka ɗauko nasu suka kawo a ƙara musu ƙarfi. Ni ce ta farko a layin, da na'urar Ba'ana mai lafiyarta ƙalau a hannuna.

Da aka maƙala masa gyararriyar aka kunna, Ba'ana da ya yi wata takwas yana jan magana kamar tsohuwar kaset, ya zabura ya ɗura wa Yoila ashar da Kanuri, tsaf, babu gargada ko ɗaya, har da kakanninsa na Lassa. Jama'ar da ke shagon suka ɗauki kabbara, Fasto ya ce halleluya. Wai harshe ya warware. Yoila ya karɓi zagin nan kamar lambar yabo.

Ana wannan bidiri a shago, ba wanda ya leƙa tsakar gida. Rhoda ba ta iya jure rabin awa da abin nan a kunne. Ta koma minti goma, ta koma biyar, daga baya sai ta kunna in ta ji takunsa, ta kashe in ya fita. Kunnen ya tashi, ta riƙa jawo ɗankwali tana rufewa. Wake ya koma tukunya. Manunin da ya buɗe ya fara lanƙwashewa yana komawa inda ya fito. Na gani, na kuma kawar da kai, don in na yi magana sai na fara da kaina.

A mako na goma likita ta ce za ta duba kunnuwa. Ta duba na farko ta ga ƙuna, ta tambaya, aka ce zafin gari ne. Na biyu ma haka, wai ƙuraje. Da ta kai na biyar sai ta ajiye fitilarta ta ce kowa ya ɗora na'urarsa a kan tebur. Goma sha shida, kowace da ɗamarar baƙin tef. Ta warware ɗaya, ga ɗan guntun roba ruwan ɗorawa na raket yana leƙe.

"Wa ya yi wannan?"

Yoila ya miƙe ya gyara riga. "Ni ne, 'yata. Kada ki damu, ba sai kin biya ba. An kawo miki jabu guda takwas ba ki sani ba. Sauran ma na ɗan taɓa su, sun yi sanyi da yawa."

Na ɗauka za ta yi ihu. Da ta yi ma da ya fi sauƙi. Kujera ta jawo ta zauna, ta dafe goshi. Sannan ta ce, "Baba, shekara uku na yi ina roƙo a kawo binciken nan Maiduguri. Ana ce mini nan ba za a iya ba, ina cewa za a iya. Waɗannan takwas ɗin ba lalacewa suka yi ba, aikinsu ke nan, su zauna shiru. Yanzu ban san abin da ya shiga kunnen kowa ba, kuma da a ce akwai mai ciwon zuciya ko farfaɗiya a cikinsu, da ba a nan muke wannan magana ba. Dole in rubuta rahoto yau. Za a kwashe na'urorin duka."

Yoila ya ce, "Amma hannun Maman James ya buɗe, kowa ya gani."

"Ya buɗe kafin ka taɓa ta. Yanzu duba shi."

Ya duba. Ina jin ranar ce ya fara kallon hannun nan cikin mako huɗu. Duk da haka bakinsa bai mutu ba. Ya ce, "To in fanko ta yi haka, mai wuta fa?"

Ta ce, "Abin da muke son mu sani ke nan, Baba."

Sai Rhoda ta yi magana. "Likita, ta gasken fa? Saura mako biyu."

Likita ta kasa kallonta. "Babu, Mama. Ki yi haƙuri. Amma don Allah kada ki bar waken, shi kam mun san yana taimakawa."

Fankar da Yoila ya gyara kuwa tana ta juyawa a sama lafiya lau.

Bayan nan Rhoda ta mayar da tulu kan kabad. Ba ta zage shi ba, ba ta yi yaji ba. Takan dafa abinci da hagu ta ajiye masa, ta koma ɗaki. Wake kuwa ta ce me za ta yi da shi, ita ba kaza ba ce. Shago ya kwana uku a rufe, abin da ko ranar auren James ba a yi ba. A rana ta huɗu na same shi a bakin ƙofa, na wanke shi tas, tun daga agogon maigidana har kunnen Ba'ana, ban rage komai ba. Ya saurara har na gaji. Sannan ya ce, "Gaskiya ne, Ya Zainaba. Amma wa ya kawo mini su?" Na ja mayafina na shige gida.

Bayan mako guda ya sake kirana, wannan karon a hankali. A kan teburin shago ga wani ɗan akwati da ya yanko daga jikin tsohuwar rediyo, ya goge shi, ya sa masa koriyar fitila da batir, da waya, da abin shanya da ya liƙa wa soso. Ya kunna, fitila ta kama. Ya ɗora mita. Allura ko gezau.

Na ce, "Wannan kuma fa?"

"Ba ta yin komai," in ji shi, kamar mai faɗin rasuwa. "Wayar ma ban haɗa ta ba. Kwana biyar ina yinta, sau uku na kama kaina ina shirin haɗawa." Ya miƙo mini mitar. "Ajiye mini wannan a wajenki. In na tambaya kada ki ba ni."

Ya kai wa Rhoda ya ce likita ce ta aiko a ɓoye. Ƙarya ce irin ta wanda bai saba ba, ko yaro ba zai yarda ba. Rhoda ta karɓa, ta jijjiga ta, ta kai hanci, ta ce to. Da yamma na leƙa na ga an shimfiɗa tabarma, ga faranti, ga kofi, ga koriyar fitila. Yoila yana gefe a kan kujera 'yar tsugunno, ya zauna a kan tafukan hannayensa, wallahi kamar yaron da aka hana taɓa nama.

Da ya fita na ce mata, "Maman James, kin san dai…"

Ta ce, "Haba Ya Zainaba. Shekara talatin da takwas ina wanke rigunansa, ban san warin dalmarsa ba? Ki bar shi. Tunda na aure shi wannan ne karo na farko da ya zauna kusa da abu bai kwance shi ba."

Haka suka yi wata uku, safe da yamma. Manuni ya dawo, na tsakiya ya biyo shi. Biyun ƙarshe suka ƙi. Shi kuwa tulu tafin hannu yake so a shimfiɗe, ya rufe bakin ruf. Ana saura mako guda taro ta ɗauki tulunta ta tafi gwaji, ta buga a gaban mata. Maimakon sautin nan mai shiga ƙirji sai wani fas-fas, kamar ana kakkaɓe tabarma. Ta ce mini da sun yi dariya da ya fi mata. Tafi suka yi mata, suna cewa kai, Mama, an gode Allah, an samu sauƙi. Sannan shugabar mata ta karɓi tulun da ladabi ta miƙa wa Vivian.

Ranar taro na bi su. Ban shiga ba, na zauna a gindin dalbejiyar da ke bakin ƙofa, inda masu keke suke jira. Can na tarar da Yoila, shi ma taron mata ne ba shi da wurin zama a ciki. Waƙa ta tashi, mata ɗari da wani abu, tulu na amsawa a ƙasa. Ya karkata kai yana saurare. Ya ce, "Yarinyar nan tana sauri. Kuma tulun da ɗan tsaga a wuya, da za a ba ni shi…" Sai ya katse kansa, ya shafa aljihun gaba inda babu komai.

Ya sake magana bai kalle ni ba. "Ya Zainaba, tsakaninki da Allah. Da na bari an ba ta ta gasken, da biyun nan sun buɗe?"

Na so in ce e, don ya ji abin da ta ji. Na so in ce a'a, don ni ma in samu in yi barci. Na ce, "Ban sani ba, Baban James. Likita ma ba ta sani ba. Ba wanda zai taɓa sani, ai ka gyara."

Da aka tashi, mata suka fito suna dariya suna yaba wa Vivian. Rhoda ce ta fito a ƙarshe cikin anko, ta miƙa masa jakarta da hannun hagu, na daman yana cikin zani. Ta ce, "Mu je gida, Baban James, lokacin wake ya yi."